Dubiyar da Ba Mu Je Ba

Fagge, Kano.

Zuwa ga babbar yayata, Yaya Yakaka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Surayya da sauran yaran gida, Ya kuma sassauta miki ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiyar jiki dai alhamdu lillahi. Matata Kamila tana ta fama da yara, ƙaramin ya fara tafiya. Wannan rubutu kuwa na hannuna ne, ban nemi kowa ya riƙe mini alƙalami ba, domin na kammala ajin yaƙi da jahilci. Na so a ce wasiƙata ta farko zuwa gare ki ta albishir ce, Allah bai nufa ba. Ki sa Surayya ta karanta miki a tsanake. Kada ki matsa wa ɗanki Abdulhafiz da ya kawo ta da tambaya, bakinsa ba zai iya ba.

Kin san an naɗa ni wakilin 'yan kasuwar Fagge a kwamitin zaman lafiya, wanda wata ƙungiyar ƙasar waje take ɗaukar nauyinsa domin hana rikici tsakanin ƙabilu. Ba ƙaramin muƙami ba ne. A wani otal da ke Titin Ibrahim Taiwo muke zama, mu da wakilan Yarabawa da na Ibo, wanda kuma kujerarsa take kusa da tawa shi ne Onyekachi, mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari. Babbar ƙa'idar da aka koya mana ita ce, idan abu ya faru tsakanin ƙabila biyu, kada dangin wannan su tunkari dangin wancan zuciya tana zafi. A kira ofishin ƙungiyar, a jira mai shiga tsakani ya zo ya haɗa su. Na haddace wannan, har ni aka tayar na maimaita ta a gaban baƙin da suka zo daga Turai.

To, Yaya, Abdulhafiz ya ɗauko fasinja a adaidaita sahunsa ta wajen Tashar Jirgin Ƙasa, yana shiga Sabon Gari wata yarinya mai kayan makaranta ta faɗo titi, ya buge ta. Bai gudu ba. Shi ya ɗauke ta zuwa asibiti, sannan ya kai kansa wurin 'yan sanda. Yarinyar kuwa Chiamaka ce, 'yar Onyekachi. Da labari ya iso gida Kamila ta zuba abinci a kwano, ta yafa mayafi, ta ce mu tashi mu je dubiya tun kafin rana ta faɗi, kamar yadda iyayenmu suke yi. Na hana ta. Na ce mata wannan lamari ya wuce na kwano da mayafi, yana da tsari, ni kuma na san tsarin. Na kira lambar ofis, ba ta shiga. Na yi ta kira. Da na gaji na taka da ƙafata, sai na tarar da ƙofa a garƙame, an cire allon. Mai gadi ya ce mini ai ƙasar da take aiko da tallafin ta tsayar da shi, ma'aikata duk sun watse, motocin ma an kwashe. Ya ce wai za a dawo. Na riƙe wannan magana, na ci gaba da jira, domin mutanen da suka yi shekaru suna koya mana haƙuri ban zaci za su tafi ko sallama babu ba.

Ana cikin haka maƙwabcinmu Alhaji Musiliu ya same ni a shago, ko zama bai yi ba. Ya ce, Malam Hambali, wai me nake jira, ko sai Turawan sun zo sun riƙe mini hannu sun kai ni asibitin? Ya ce a Sabon Gari magana ɗaya ake yi, cewa an buge 'yarsu amma dangin direba ko leƙe ba su yi ba, don ba su ɗauki ranta a bakin komai ba. Samarin can sun janye adaidaitar sun ɓoye, namu kuma sun fara taruwa a bakin masallaci suna cewa za su je su ƙwato ta da ƙarfi. Na bayyana masa ƙa'ida dalla-dalla. Ya dube ni ya ce ita ƙa'idar ta je ta yi dubiyar mana. Ina shirin tashi in bi shi aka bugo masa waya cewa yarinyar ta cika.

Mun je ta'aziyya, ni da shi da Kamila. Sai da Alhaji Musiliu ya nuna mini gidan, domin duk zaman da muka yi da Onyekachi a otal ban taɓa sanin ƙofarsa ba. Onyekachi bai ɗaga murya ba, ya sa aka ba mu kujeru. Ya ce ya san yaron bai yi da gangan ba, ya kuma janye ƙara a wurin 'yan sanda. Ya ce kullum yana zaune a barandar asibiti yana duban ƙofa, yana gaya wa samarinsu su dakata, abokin zamansa Hambali yana tafe. Yanzu sun daina jin maganarsa, suna yi masa dariya. Na buɗe baki zan ambaci ofis, Kamila ta taka mini ƙafa. Da ya rako mu ya rage murya, ya ce in fitar da Abdulhafiz daga Kano kafin a ɗauki gawar zuwa garinsu, domin ranar ba shi da ikon riƙe kowa.

Saboda haka ga ɗanki nan na dawo miki da shi Maiduguri. Na sani kin turo mini shi ne don ya yi nesa da tashin hankali, na kuma karɓe shi da alkawari. Kada ki bari ya dawo, ko ya ji an ce ƙura ta lafa, sai kin ga rubutuna. Ba ya cin abinci sosai, ki sa masa ido. Ni ina nan. Ranar ɗaukar gawar zan tsaya a ƙofar gidan Onyekachi, inda samarin Fagge za su gan ni idan sun taho.

Ki gaishe mini da Baba Abdulƙahhar, ki roƙe shi ya sa mu a addu'a. Ina gaida Surayya da Ikrima. Kamila tana gaishe ki, ta ce ki yafe mana. Allah Ya tsare mu baki ɗaya.

Wassalam. Ni ne ƙaninki,
Hambali.