Ba Aljanin Kwata Ba Ne

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki? Ya Anti Rabi da yara, ya kuma ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Kwalbar man da ka aiko ta iso nan unguwarmu Maamobi, amma ba zan ɗiga shi a kunnena ba. Ka ce bakina ya karkace ne don na watsa ruwan zafi a kwata, aljani ya mare ni. Yaya, shekara ashirin ina dama koko a bakin kwatar nan, ban taɓa zubar da ruwa babu bismilla ba.

Likita ya nuna mini hoto. Wata fata ce ta tsiro can cikin kunnen, tana cin ƙashi. Ita ke kawo jiri da mugunyar nan mai wari, ita ta taɓa jijiyar fuskata. In an bar ta, ƙwaƙwalwa za ta nufa.

Na riga na sa hannu, ranar Alhamis za a yi mini aikin cire ta. Na gaji da cusa auduga da turare don kada masu saye su gudu. Ba izini nake nema ba, addu'a nake nema.

Ka gaida Inna. In ta tambaya, ka ce mata fata ce, kada ka ce aljani.

Ƙanwarka,
Sa'adatu