Mai Sace Tayar Baba

Litinin, 7 ga Yuli

Baba ya sake buga wa babur ɗin gona iska, mai ƙafa huɗun nan da Yaya ya saya masa saboda ciwon gwiwa. Na fito na tarar da shi kan famfo, gumi sharkaf, tayoyi sun yi tauri kamar dutse. Na ce masa wannan fa ba tirela ba ce. Ko kallo ban ishe shi ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan babbar mota, a wurinsa taya mai laushi abin kunya ce.

Laraba, 9 ga Yuli

An kwana ana ruwa. Gangaren rafi ya zama santsi zalla, kuma ita kaɗai ce hanyar gona.

Na lallaɓa na yi masa bayani. Tayar irin wannan babur da gangan ake barinta da iska kaɗan, don ta baje a kan laka, haƙoranta duka su kama ƙasa. In ta yi tauri tsakiyarta kawai ke taɓawa, sai tsalle da zamewa. Ya bari na gama tsaf, sannan ya tambaye ni yaushe na fara tuƙi. Raina ya ɓaci. Ni ba gardama nake nema ba, tsoro nake ji. In abin nan ya kife da shi a gangare, ƙashin tsoho ba zai ɗauka ba.

Alhamis, 10 ga Yuli

Yana karyawa na zagaya, na danna bakin da ake buga wa taya iska da tsinken ashana, na rage iskar duka huɗun. Gabana sai faɗuwa yake kamar ɓarawo. To ai ɓarawon ne, tunda taya na sace.

Asabar, 12 ga Yuli

Shi ya buga da yamma, ni in sace da safe. Yau ya kai wa mai faci. Bawan Allah ya tsoma kowace taya a ruwa, ko kumfa ɗaya babu, Baba ya ce masa bai iya aiki ba. Na ji kunyar mai facin ƙwarai. Mama ta gano ni. Ta ce ita ba ruwanta, amma na lura shayin Baba yanzu da zafinsa take kai masa, sai ya daɗe yana fifita.

Talata, 15 ga Yuli

Ya kama ni a tsugune, tsinke a hannu.

"Ashe kai ne?"

"Ni ne, Baba. Ku yi haƙuri, amma wallahi gangaren nan..."

"Ɗan cikina ke sace mini taya, ina can ina zagin bayin Allah."

Ya ɗauko famfo ya buga fiye da kullum, yana haki, ya hau ya tafi. Ina tsaye kamar an dasa ni.

Alhamis, 17 ga Yuli

Lafiya lau yake zuwa yana dawowa. Ba ya mini magana. Har haushin lafiyar na ji, Allah ya yafe mini.

Juma'a, 18 ga Yuli



An yi ruwa da asuba, sai na bi shi a ƙasa daga nesa. A tsakiyar gangare ya taka burki, bayan babur ya juya gefe, tayoyin hagu suka bar ƙasa. Na ga hularsa ta faɗi. Wani kututture ne ya tare, da yanzu wani zance ake. Ban san lokacin da na isa ba. Yana zaune, ya ƙanƙame kan babur, leɓensa na motsi. Ko ƙwarzane babu. Abin da kawai ya ce, in miƙo masa hularsa.

A ƙafa ya koma gida. Ni na rage iska na hauro da babur, ko zamewa babur ɗin bai yi ba. Ban faɗa wa Mama ba, shi ma haka.

Litinin, 21 ga Yuli

Da safe ya miƙo mini makulli, idonsa na wani wajen.

"Kai ka ja. Gwiwar ce yau."

Ya hau baya. A gangare tayoyi suka kama ƙasa daram, na ji ya damƙe rigata da hannu biyu. Baban da ko keke ka hau sai ya gyara maka zama. Da muka hau tudu na sa giya ba daidai ba da gangan, inji ya yi ƙara, ina jiran faɗa. Shiru.

Na ci gardama, ai haka ake cewa. Abinci ne na kasa ci tun rana. Wataƙila zazzaɓi ke son kama ni.