Gilashin Zunaira

Zuwa ga ƙanena Shafkat, a Maskat.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka. Allah ya tsare ka, ya sa albarka a nemanka. Mu nan Chakwal lafiya lau muke. Gwiwar Ammi ce dai ke tashi in sanyi ya shigo, amma bakinta lafiyarsa ƙalau. An gama cire gyaɗa, ta yi kyau bana, baƙar ɓaunar nan kuma ta haifi mace. Matarka Samina tana ƙoƙari da gidan, ka riƙa gode mata.

Na rubuto ne maimakon in kira ka, don in na ɗauki waya Ammi na gefena tana gyara mini zance. Maganar 'yarka Zunaira ce. Ka ji an ce tana faɗuwa a shifta, har ka ce ta cika wasa. Ka san masifar haruffan sin da sad da sauran 'yan'uwansu a Urdu, a baki duk ɗaya, a rubuce kowanne da gidansa. Malamarsu ta ce yarinyar ba ta taɓa tsallake kalma ba, sai dai duk wadda ke da abokiyar sauti sai ta ɗauko abokiyar. Na ce a bar ni da ita. Kullum bayan la'asar sai mu wanke allonta, mu shafa masa farar ƙasa, in rubuta mata "sada" ta sin mai nufin kullum da "sada" ta sad mai nufin kira, ta kwafa. A gabana babu kuskure ko ɗaya, hancinta kamar zai taɓa allon. Washegari ta je aji, malama ta kawo sababbi a allon bango, ta dawo mini da jan biro. Har na fara cewa kanka ta gado.

Ranar da muka shiga mota zuwa Rawalpindi duba surukata, na ce bari mu yi karatu a hanya, tunda irin waɗannan kalmomi ido ne ke riƙe su. Wata babbar mota na gabanmu, an rubuta mata kalmar haƙuri a baya, kowane harafi ya kai girman faranti. Na ce ta faɗa mini da wane harafi ta fara. Ta ƙanƙance ido, ta daɗe, sannan ta ce, "Gwaggo, wai akwai rubutu a wurin?" Ashe tun shigarta makaranta ba ta taɓa ganin allon bango ba, da kunne kawai take bin malama. Da na tambaye ta me ya hana ta faɗa, sai ta ce ta ɗauka kowa ma haka yake gani, su dai sun fi ta ƙoƙari ne.

Daga asibitin surukata na wuce da ita wurin likitan ido. Ya ce nesa ce ba ta gani, ba wani ciwo ba ne, gilashi kawai take buƙata, an kuwa yi mata. Da muka shigo gida da shi a fuskarta, Ammi ta ajiye kofin shayi ta ce, "Ke Ruksana, uban wa ya aike ki? Jikata za ki mayar mini mai ido huɗu, gobe a ce gidanmu ana haihuwar makafi?" Ta ce a sa mata kwalli, a ba ta ƙwayar almon bakwai ta ci kowace safiya, ido zai buɗe da kansa. Ta kuma ce ranar da aka zo neman aure mutane ba sa manta yarinyar da suka gani da gilashi. Yarinya 'yar shekara bakwai fa! Samina ba ta iya ɗaga kai a gaban Ammi, ni kuma an ce mini ta wani gida ce yanzu, in je can in yi mulki. Gilashin yana cikin akwatin Ammi, makullin a bakin mayafinta.

Na yi fushi, ba zan ɓoye maka ba. Amma ka san Ammi, ba mugunta ba ce, tsoron bakin mutane ne, kuma maganar mutum ɗaya take ji a duniyar nan, kai ne. Ka kira ta ranar Juma'a. Ban da zagaye-zagayen nan naka, ka ce kai ne uban yarinya, ka ce a sa mata. Ka yi sauri, don jiya na je da allo na tarar da Zunaira tana matsa wa Ammi gwiwa. Da ta rako ni bakin ƙofa ta ce in daina faɗa da kakarta a kanta, in dai ran kaka zai ɓaci ita ta haƙura, za ta ƙara kasa kunne sosai a aji.

Samina na gaishe ka, haka mijina Ghafur da yara, Tanwir da Nosheen. Ka gaishe mini da ɗan kawu Mazhar da kuke ɗaki ɗaya. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Yayarka,
Ruksana