Ƙaho Goma Sha Biyu

Maiyama, 4 ga Mayu, 1993

Zuwa ga Malam Sahabi, malamin wasanni, Aliero.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar iyali, ni ne Barau, kakan Ridwan. Ka yi haƙuri da rubutuna, da furfura na shiga ajin yamma.

Malam, tun da labari ya iso cewa jikana ya zo na ɗaya a gudun zagaye ashirin da biyar a Jega, ban zauna ba. Har tasha na je na faɗa ma 'yan kabu-kabu. Yaron da nike tsokana da ƙafar zalɓe, wai shi zai ɗauki sunan sabuwar jiharmu! An ce ran sha biyar za a sake gudu, mutum biyu na farko su tafi sansanin horo na jiha.

Roƙona ka sako mini shi kwana biyu kafin ranar. Ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi, kuma na san abin da ya kamata. Allah ya saka maka.

Naka, Barau

Aliero, 16 ga Mayu

Baba Barau,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, amma raina a ɓace yake.

Jiya Ridwan ya ja gaba har zagaye goma sha huɗu. Daga nan haki ya kama shi, leɓɓansa suka yi fari, ya ƙare na bakwai. Da na cire masa riga na ga shaidar ƙaho a bayansa da cinyoyinsa, guda goma sha biyu, ko warkewa ba su yi ba.

Baba, mai dogon gudu da jini yake gudu. Jini ke ɗaukar iska daga huhu ya kai wa tsoka. Wata huɗu muna fita bayan asuba don jikinsa ya ƙara jini, zuciyarsa ta ƙara ƙarfin tura shi. Nauyin ƙafar nan gajiyar horo ce, shi ya sa na bar shi ya zo ya huta. Baƙin jinin da wanzami ya nuna maka ba matacce ba ne, ya sauke iskarsa ne zai koma ya ɗauko wata. Abin da aka zubar sai ya yi makonni kafin ya dawo.

An riga an tura sunaye Birnin Kebbi. Baɗi kuma ya wuce shekarun gasar.

Ka huta lafiya. Sahabi

Maiyama, 20 ga Mayu

Malam Sahabi,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarka sau uku. Da farko na yi fushi. Shekara arba'in Tamu wanzami yana yi mini ƙaho kafin huɗar damina, ban taɓa faɗuwa a gona ba. Amma ban taɓa zagaya fili sau ashirin da biyar ba.

Kada a ga laifin Tamu. Takwas ya yi ya ce, "Barau, yaro ne, ya isa haka." Na ce, "Ƙara huɗu a cinya, can ciwon yake." Ni na riƙe kafaɗun yaron. Maƙwabta suna tsaye suna sa albarka, ni kuwa ina ta dariya, ina cewa yanzu zai tashi kamar barewa.

Ka faɗa mini ofishin da zan je. Zan hau mota in gaya musu ni na yi, su sake gwada shi in jinin ya dawo. Kuma ka ce masa ya rubuto mini, ko zagi ne.

Naka, Barau

Aliero, 27 ga Mayu

Kaka,

Ina gaishe ka, a gaida kakata Iya Fatimatu. Kada ka je Birnin Kebbi. Malam ya je da kansa, sun ce an rufe.

Akwai abin da ban faɗa wa Malam ba. Na san ƙaho zai rage mini ƙarfi, Malam ya koya mana a aji. Ranar ƙahon na buɗe baki zan faɗa, sai na ga ka tara mutane kana murna, na kasa kunyata ka. Na kwanta.

Bayan jarrabawa zan tsaya nan Aliero, na samu aikin lodin albasa. Ba zan zo gida bana ba. Ba zan iya zama kana ba ni haƙuri ba.

Jikanka, Ridwan