Rubutun Babbar Ƙofa

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar taka? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na san kun ji a rediyo cewa sabuwar gwamnatin nan ta ɓata da baƙin da suka gina tashar jiragen ruwan da nake aiki. Ku kwantar da hankalinku. An rufe tashar wata biyu, ban ce muna ci sau uku ba, amma dai muna nan da ranmu.

Ranar rufewa, shugabanmu ya ce in shafe rubutun baƙin da ke jikin babbar ƙofa. Ko harafi ɗaya na rubutun nasu ban iya karantawa ba, amma sai da na kwafe shi tsaf a takardar siminti. Abokan aiki har dariya suka yi mini.

Makon jiya manyanmu suka shirya da baƙin. Ga ministan baƙin zai zo, ga ƙofa fara fat! Shugaba ya rasa inda zai sa kansa, sai na ɗauko takardata. Wuni ɗaya na mayar da rubutun. Cikin masu fenti shida, ni aka fara mayarwa aiki.

A ce wa Inna ta daina kuka haka.

Kawu, shekara nawa na yi ina ƙunƙuni lokacin da kake koya mini fenti, don ka hana ni shafe allon shago sai na kwafe rubutun da ke kansa? Ka yafe mini. Takardar kuwa ta koma ƙarƙashin katifa, don manyan nan ba a san gobensu ba.

Ɗan ƙanwarka,
Mai Fenti