Kyanwata Ta Kafe Ni Da Ido

Anti Karima, don Allah ki taimake ni, kuma kada ki yi mini dariya. Shekarata sha shida, a unguwar Umbadda muke. Ranar da muka gudu saboda yaƙi, mai mota ya ce mutane kawai zai ɗauka, sai na bar kyanwata Hilwa kwance a gindin randa. Shekara biyu muna Gadarif, wallahi ko ƙayar kifi na gani sai na tuna ta.

Da muka dawo, sai ga ta a kan katangar Sittana, maƙwabciyarmu da ba ta gudu ba, ita ta riƙa ba ta abinci. Ta rame, kunne ɗaya ya yage. Ba ta saukowa, sai dai ta kafe ni da ido, ko ƙiftawa babu.

A littattafan soyayyar da nake karantawa, wanda ya yi laifi cikin ido yake kallon masoyinsa har zuciya ta huce. Ni da ko mai shago ba na iya ɗaga kai in kalla, na daure na zuba mata ido ina hawaye. Sai ta kwantar da kunne, ta yi huci, ta tsere. Sau uku ke nan fa.

Yanzu kakata Iya ta ce kyanwar da ke kallon mutane haka ba ita kaɗai ba ce, ran Juma'a za a sa ta a buhu a yar da ita a Kasuwar Umdurman. Anti, ta tsane ni ne?

Mai Kunya, Umbadda

'Yata, ban yi dariya ba. Hilwa ba ta tsane ki ba, tsoro take ji, tana auna ki. Kallon da ke lallashin mutum, a wurin kyanwa neman faɗa ne. Ki zauna ƙasa, ki ba ta gefe, ki kalle ta kaɗan, ki lumshe ido a hankali, ki kau da kai. Kada ki miƙa hannu. Ranar da ta lumshe miki, ta fara sakin jiki.

Iya kuma kada ki yi gardama da ita, idonta ya ga abin tsoro da yawa. Ki roƙi Sittana ta shigo kafin Juma'a ta shaida halin kyanwar, ku nemi alfarmar wata guda.

Ki shirya zuciyarki: wataƙila Hilwa ta zaɓi gidan da ya ciyar da ita. In haka ne, ki bar ta, katanga ɗaya ce tsakaninku. Barinta da kika yi ba laifinki ba ne, yarinya ce ke a cikin motar gudun hijira. Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya zaunar da unguwarku lafiya.

Anti Karima