Labarin da Ba Ya Tafiya a Zaune

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane ga yayar da ta goya shi, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban yara da duk wanda ke kwana a gidanku. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan, ya raya zuri'a, ya sa mu gana da alheri. Mu ma nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Auta ta ci jarrabawarta, yanzu sai da lallami ake aikenta. Yayanta ya fara ajiye gemu, gashin bai cika cokali ba, amma safe da yamma yana gaban madubi yana taje shi. Uwargida kuwa ba sai na ba ki labarinta ba, tunda kullum kuna waya, kuma na san ni ne darasin da ake bita.

Saƙonki ya iso, uwargida ta isar da shi har da irin muryarki. Kin ce mutum da furfurarsa ba ya zabga gudu a titi ba abin da ya koro shi, kin ce abin da ya sami abokina ya ishe ni gargaɗi, kuma in ban bari ba za ki taso takanas ki ƙona kambas ɗin da nake gudu da su da hannunki. Na san za ki iya. Shi ya sa na ga gara ki ji zancen daga bakina kafin ki sayi ashana, don na uwargida ya sha ƙari a hanya, ni kuwa kin san gyaran rubutu nake yi a maɗaba'a, ba na son labari da kuskure.

Abokin nawa shi ne Mai Firji, dogon nan mai shago a bayan layinmu, wanda ya taɓa gyara miki firiza yana yi miki wa'azi a kan cika ta da kaya. Shekara da shekaru muna fita tare da sassafe, kafin motoci su cika titi. Shi ba ya karatu, ya ce in ya buɗe littafi barci ne ke fitowa daga ciki. Ni kuma ban iya taka gudu a hankali ba, ina fita sai in zura kamar ɓarawo, in dawo ina neman numfashi. Sai muka yi yarjejeniya: duk abin da na karanta jiya, yau zan ba shi a kan hanya. In na kasa ƙarasa jimla saboda haki, to mun yi sauri, sai ya ja ni baya. In kuma ya tsaya, ko don ɗaure igiyar takalmi ne, labari ya tsaya. Shi ya kafa wannan doka da bakinsa, ya ce ba ya son in lalata shi da sauraro a tsaye. Malam Waƙafi yake kirana. Da na ɗan yi shiru sai ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce sai me, Malam Waƙafi, sai me? Da wannan sai me ɗin muka gama tarihi da yaƙe-yaƙe da soyayyar mutanen da ba su taɓa jin sunanmu ba.

Littafin da muke ciki a lokacin labarin wani direban jirgin ƙasa ne da aka manta da shi a wata ƙaramar tasha a tsakiyar daji, da tarago guda cike da kifi a cikin ƙanƙara. Marubucin yana ta fama da kaɗaici da ma'anar rayuwa, Mai Firji kuwa ba abin da ya dame shi sai kifin. Kullum sai ya ce wannan ƙanƙara ba za ta kai ba, wanda ya rubuta littafin bai taɓa riƙe ƙanƙara a hannunsa ba. Ranar da abin ya faru mun wuce katangar makaranta, muna gangarawa wajen tankin ruwa, na kawo daidai inda direban ya ɗora hannu a kan ƙofar taragon zai buɗe. Na yi shiru da gangan ina jiran zunguri. Bai zo ba. Yaya, sai da na ƙara gaba ina ta zuba ni kaɗai kafin na waiga. Yana zaune a bakin kwata, takalmi ɗaya ya fita, bakinsa ya karkace, yana kallona kamar mai neman sunana. Wani mai motar burodi ne ya kai mu asibiti, kansa a kan cinyata, ƙamshin burodi ya cika motar.

Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Likita ya ce hawan jini ne da ya daɗe yana wasa da maganinsa, gudun ba shi da laifi, wataƙila ma shi ya sa abin ya tsaya iya nan. Ni ma uwargida ta tasa ni gaba an auna ni, an ce zuciyata lafiya ƙalau. Na yi godiya da jin labarinta, don na kwana biyu ban ji motsinta ba. Gaskiyar ke nan. A asibitin, matarsa na kuka, 'ya'yansa na kuka, ni kuwa ina tsaye ina kallon allon da ke bango, na gano harafi ɗaya da aka tsallake, ina ta tunanin wa zan gaya wa. Tun daga ranar haka nake. Ina cin abinci don an ajiye. Ina zuwa aiki, ina sa jan biro inda ya kamata, ina dawowa.

Karatu ban fasa ba, sai dai kamar zuba ruwa a kwando. Na karanta wani littafi a kan ƙudan zuma, ban riƙe komai ba sai cewa suna da himma, wanda ko Auta ta sani. Na karanta na wani likita a kan ƙwaƙwalwa, mai kauri, da hotuna masu launi, ya yi mini bayanin abin da ya sami abokina dalla-dalla, na rufe shi ban ƙaru da ko digo ba. Na sake ɗauko wani tsohon labari da nake so tun ina saurayi, na kai tsakiya na tarar ban san wa ya mutu ba. Ashe duk shekarun nan ba don kaina nake karatu ba, ina yi ne ina zaɓen abin da zan faɗa a hawan tudu da wanda zan ajiye sai gangara. Littafin kifin kuwa na bar shi a kan tebur da guntun wayar lantarki a tsakiyarsa, wanda Mai Firji ya ba ni in riƙa sa alama. Gudu ma ina fita, amma ba mai ja na baya, sai in zura in dawo da ciwon agara. Masu shara suna tambayata ina dogon, in ce yana hutawa.

Da aka sallamo shi gida sai wata matsalar ta taso, ita ce ainihin abin da ya sa na zauna rubuta miki. Ya ƙi tashi. Mai gashin ƙashi tana zuwa da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake dogarawa, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ya juya wa bango fuska. Ta ja ni gefe ta ce ƙafar tana da sauran rai, amma in aka bar watannin nan suka wuce bai taka ta ba, za ta sandare, shi da kujera ke nan har abada. Matarsa ta ce da ni, Malam, kai ne yake jin maganarka. Ban san inda ta samo wannan ba, mutumin da bai taɓa yarda da ni ko a kan ƙanƙara ba.

Sai na yi abin da mai karatu zai yi, na ɗauko littafin, na ja kujera kusa da gadonsa, na gyara tabarau, na shiga karanta masa layi bayan layi kamar mai duba aiki. Na yi haka kwana da kwanaki. Bai ko juyo ba. Ɗakin na warin man zafi, fanka na juyawa, ƙarfen dogarawa na jingine an rataya masa tawul. Ni kaina muryata gundurata take yi. Wata rana da yamma ƙafata ta yi sanyi saboda zama, na miƙe na ajiye littafin, na shiga kai da kawo tsakanin gado da taga, ina ci gaba da labarin da ka, yadda na saba, ina ƙara gishiri inda marubucin ya yi rowa. Ban ankara ba ƙafa ta fitar da ni baranda, na kawo daidai hannun direba a kan ƙofar tarago, na yi shiru don tsabar sabo. Sai na ji wani sauti daga cikin ɗaki, a murɗe, rabinsa iska. Amma na gane shi. Sai me ɗin nan nasa ne.

Na leƙa na ce masa ai ya san doka, ba ni na kafa ta ba, ƙafa a tsaye labari a tsaye, balle a kwance. Ya daɗe yana kallona da idon nan nasa. Sannan ya tattara duk ƙarfin bakinsa ya ce mini mugu. Matarsa da ke tsakar gida ta saki kwano ta ce wallahi tun da ya faɗi ba a ji kalma ta fita tas irin wannan ba. Ya miƙa hannun hagu ya fizge tawul ɗin daga kan ƙarfen. Muka kama shi ya tashi. Daga gado zuwa ƙofar ɗaki ya ɗauke mu lokacin da a da muke kaiwa tankin ruwa, ya jiƙe sharkaf, yana jan ƙafar kamar ta aro, ni kuma ina gefensa ina ba shi jimla ɗaya a kan kowane taku. Ba zan yi miki ƙarya in ce na yi kuka ba. Ban ji komai ba sai yunwa a hanyar gida, amma ita ma na daɗe ban ji ta ba.

To Yaya, ga amsata. Kambas suna nan, su nake sawa in je wajensa kullum da yamma, kuma ban taɓa gudu mai wahalar wannan barandar ba. Da safe ina fita, amma yanzu ina tafe ina bitar abin da zan faɗa masa da ƙarfi, in na fara haki in rage. Masu shara sun yanke hukuncin na taɓu, uwargida na nazarin shaidarsu. Abin da nake roƙo, maimakon ashana, ki sa Baban yara ya nemo mini littafi mafi kauri a kantin da ke kusa da ku, ko da ba daɗi, zan gyara shi a hanya. Namu saura kaɗan ya ƙare, mai gashin ƙashi kuma ta ce tafiyar da sauran nisa. Direban nan na tsayar da shi a bakin ƙofar tarago fiye da yadda marubucin ya nufa, na sa ya tuna mahaifiyarsa, na sa an yi ruwa, dabarata ta kusa ƙarewa.

Ki gaida Baban yara, da Inna Ƙarama, da Kawu in yana jin waya a ranar, da amaryarmu da jaririnta, da takwarana sarkin ɓarna. Uwargida da yara suna gaishe ki. Ki sa Mai Firji a addu'a. Na san za ki tambaya ko kifin ya lalace. Na karanta, na sani, amma ba mai ji, har ke, sai ranar da ya taka zuwa ƙofar gida da ƙafarsa.

Ƙanenki mai jin magana wani lokaci,
Malam Waƙafi